Waiwaye kan Zildjian, sunan gida guda da ya zagaye duniya a jikin tagulla

Duk wanda ya leƙa jerin sunayen ministoci ko 'yan ƙwallon ƙasar Armeniya zai ga kusan kowane suna da "yan" yake ƙarewa: Grigoryan, Harutyunyan, Sargsyan, Hovhannisyan. Waɗannan huɗun suna cikin waɗanda suka fi yawa a wannan ƙasa mai mutum kusan miliyan 3, kuma dalilin yawansu ba ɓoyayye ba ne. Grigor da Harutyun da Sargis da Hovhannes sunaye ne da ake raɗa wa yara maza a kowane ƙauye, shi kuwa "yan" ɗin da ke ƙarshe yana nufin ɗan wane ko zuriyar wane. Da lokaci ya yi da talakawa suka fara riƙe sunan iyali na dindindin, galibi a ƙarni na 19, sai gidaje barjat da ba su haɗa ko kakan kaka ba suka wayi gari da suna ɗaya.

Zildjian ba ya cikin wannan sahu. Masu amsa shi ba su da yawa, kuma duk inda aka ambace shi gida guda ne ke faɗo wa mutum a rai, gidan maƙeran da suka shafe sama da shekara 400 suna sana'a ɗaya. Abin da suke ƙerawa shi ne faifan tagullar nan mai faɗi da ake kafawa a kan sanda kusa da gangunan zamani, ko wanda ɗan badujala ke riƙe guda biyu a hannu yana gwara su. Da yawa daga cikinmu mun sha ganin sunan a talabijin, rubuce a jikin faifan bayan makaɗi, ba tare da mun san cewa sunan wasu bayin Allah ba ne.

Sunan gaɓa uku ne, kuma biyu daga ciki ba na harshen Armeniyawa ba ne. "Zil" a Turkanci shi ne wannan faifai mai amo. Gaɓar tsakiya, wadda Turkawa ke rubutawa "ci" suna furta ta "ji", tana nuna mai sana'ar abu. Ta ƙarshe, "ian", wato "yan" ɗin nan da wani rubutun, ita ce kaɗai ta Armeniyawa. In aka haɗa, ma'anar ita ce ɗan mai ƙera zil, kamar dai yadda a wajenmu ake ce wa gida gidan maƙera har sunan ya bi jikokin da ba su taɓa riƙe masaba ba. Armeniyawa suna da tasu kalmar ta wannan faifai, "tsntsgha", amma ba ita ta shiga sunan ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san zaman da suka yi a Daular Usmaniyya ta Turkawa. Turkanci ne harshen kasuwa da na fada. Akwai ma Armeniyawa da yawa da shi ne harshensu na cikin gida, har suna rubuta shi da haruffan Armeniya. Shi ya sa sunayen sana'a na Armeniyawan yamma, wato waɗanda suka zauna ƙarƙashin wannan daula, suka cika da kalmomin da aka ɗauko daga bakin Turkawa: Demirjian ɗan maƙerin ƙarfe, Boyajian ɗan marini, Terzian ɗan tela, Kasabian ɗan mahauci, Najarian ɗan kafinta, Kouyoumjian ɗan maƙerin zinariya.

A nan ne bambancin yawa yake fitowa. Kowane gari yana da tela da mahauci da marini, don haka Terzian da Boyajian suka bazu ko'ina, daga Halab zuwa Kalifoniya. Masu ƙera zil kuwa ba a kowane gari ake samunsu ba. Sana'a ce ta 'yan tsiraru, mai buƙatar sirrin haɗa ƙarfe, kuma kasuwarta tana kusa da fada. Sana'ar da masu yin ta ba su da yawa ba za ta haifar da suna mai yawa ba.

Kamar yadda gidan ke ruwaito tarihinsa, asalin sunan yana komawa ga wani maƙeri mai suna Avedis, wanda ma'anar sunansa albishir ce. Yana aiki a fadar sarkin Usmaniyya a Istanbul, kamar mahaifinsa, kuma yana cikin masu neman hanyar mayar da ƙarfe zinariya. Zinariya ba ta samu ba, amma a 1618 ya dace da wata hanya ta haɗa jan ƙarfe da kuza da ɗan burbushin azurfa, wadda ke ba da faifai mai ɗaukar duka ba tare da ya tsage ba. An ce sarki ya ba shi zinariya 80 ya kuma tabbatar masa da sunan Zildjian. A 1623 aka ba shi izinin barin fada, ya buɗe maƙerarsa a Samatya, unguwar da ke gaɓar tekun Marmara, inda Armeniyawa suka yi kaka-gida tun bayan da Sultan Mehmed na biyu ya ci birnin a 1453. Daga wannan shekara ta 1623 kamfanin ke ƙirga shekarunsa har gobe.

Yana da kyau a fahimci abin da ya sa wannan haɗi ya zama abin ɓoyewa. Tagullar da ake yin faifan da ita kusan kashi 80 cikin ɗari jan ƙarfe ce, kashi 20 kuza. Wannan lissafi kowa ya san shi. Matsalar ita ce tagulla mai kuza da yawa haka tana da gautsi, in ba a iya da ita ba sai ta fashe a ƙarƙashin guduma. Gwanintar tana cikin yadda ake narka ta da yadda ake bi da ita bayan nan. Ana zuba narkakken ƙarfen ya daskare a dunƙule, a mayar da shi wuta, a matse shi ya baje, a sake gasawa a sake matsewa ta wata fuskar, sau da yawa, har ya yi faɗi ya yi siriri. Sai a fitar masa da ƙullutun tsakiya, a tsoma shi cikin ruwa da zafinsa, a huda shi, a bi shi da guduma, sannan a ɗora shi a injin juyi a fere masa fuska. Layukan nan da ke zagaye jikin faifan, da 'yan ramukan da ake ji in an shafa shi da hannu, sawun wannan aiki ne, kuma su ne ke sa faifai biyu masu girma ɗaya su fitar da amo daban.

Sirrin narkin ba a raba shi ga 'ya'ya duka. Al'adar gidan ita ce a damƙa shi ga magaji namiji guda, yawanci babba. A ganina wannan al'ada ta taimaka ƙwarai wajen hana sunan yaɗuwa da sana'ar. Da a ce kowane ɗa da kowane almajiri yana fita da ilimin ya kafa tasa maƙerar a wani gari, da an samu gidajen masu zil da dama, kowanne da sunansa. Riƙon da aka yi wa sirrin ya sa suna da sana'a suka zauna a tsatso ɗaya.

Manyan masu sayen kayansu na farko su ne Mehter, badujalar sojojin Janisari, waɗanda ke tafe da rundunar sarki da manyan ganguna da algaitu. Coci-cocin Armeniyawa da na Girkawa su ma suna saye don ibadarsu, haka nan wasu ɗariƙun Sufaye. A 1826 Sultan Mahmud na biyu ya rushe rundunar Janisari, badujalarsu ta bi su. Amma kafin nan Turawa sun riga sun kamu da son kiɗan sojan Turkawa, sun shigar da faifan cikin badujalarsu da manyan ƙungiyoyin kiɗansu. Avedis na biyu, magajin gidan a wancan zamani, shi ne ya bi wannan kasuwa, har ya kai kayansa babban baje kolin Landan na 1851. Rubutun sunan da "dj" a tsakiya salon Faransanci ne na rubuta sautin "j", domin Faransanci ne harshen da 'yan kasuwar Istanbul ke hulɗa da Turai da shi a wancan zamani. Ka ga suna guda, tushensa Turkanci, ƙarshensa na Armeniya, rubutunsa na Faransa.

Avedis na biyu ya rasu a 1865 'ya'yansa ba su isa riƙon gida ba, sai ƙaninsa Kerope ya karɓa. Harafin K da makaɗa ke nema ido rufe a jikin tsofaffin faya-fayan Istanbul na Kerope ne.

Daga nan tarihin sunan ya shiga cikin baƙin tarihin mutanensa. Tsakanin 1894 da 1896, a zamanin Sultan Abdulhamid na biyu, an yi wa Armeniyawa kisan gilla a garuruwa da dama. A 1905 wasu 'yan gwagwarmayar Armeniyawa suka tayar da bam a harabar masallacin Yildiz bayan sallar Juma'a da nufin kashe sarkin. Ya tsira, amma mutane fiye da 20 suka mutu. Tarihin gidan ya nuna Aram Zildjian, ɗan Avedis na biyu, yana cikin waɗanda aka danganta da wannan yunƙuri, ya gudu zuwa Bukares a ƙasar Romaniya ya buɗe wata maƙerar a can. Ta Istanbul kuwa ta ci gaba a hannun zuriyar Kerope, har 'yarsa Victoria ta riƙe ta na wani lokaci duk da al'adar magaji namiji.

Sai 1915. A ranar 24 ga Afrilu aka kame manyan masana da shugabannin Armeniyawa a Istanbul, aka bi da korar jama'a daga garuruwan Anatoliya zuwa hamadar Siriya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu yana kamawa daga 600,000 zuwa miliyan 1.5. Armeniya da ƙasashe da dama, ciki har da Faransa da Jamus da Amurka, suna kiran abin kisan ƙare dangi, Turkiyya kuwa ba ta yarda da wannan kalma ba. Ba a maganar yawa ko ƙarancin wani sunan Armeniyawan yamma a tsallake wannan shekara. Akwai gidajen da aka shafe baki ɗaya, sunansu ya tafi da su. Akwai marayun da suka tashi ba su san sunan mahaifinsu ba. Waɗanda suka tsira suka watsu zuwa Halab da Beirut da Marseille da Boston da Fresno, kowane jami'in shige da fice ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Dama can furucin yamma da na gabas ya bambanta, shi ya sa Petrosyan na Yerevan, babban birnin Armeniya, da Bedrosian na Beirut suna ɗaya ne, haka Grigoryan da Krikorian. Waɗanda suka rage a Turkiyya kuma suka gamu da dokar sunan iyali ta 1934, da yawa suka yar da "yan" ko suka musanya shi da "oglu" na Turkawa. Reshen Istanbul na gidan da muke magana a kai an san shi da Zilciyan, an kuma san shi da Zilcan. Wanda duk ya ce zai ƙirga masu irin wannan suna da rubutu ɗaya tak, zai bar wasu a baya.

Ɗan ɗan'uwan Aram, Avedis na uku, ya riga ya bar Istanbul wajen 1909 ya sauka a Boston, yana sana'ar alewa. A 1927 Aram ya rubuto masa cewa lokaci ya yi da zai dawo ya karɓi gadon gida. Avedis ya ƙi komawa, ya ce sai dai gadon ya zo ya same shi. Aram ya tsallako, a 1929 suka kafa kamfani a Quincy ta jihar Massachusetts, a daidai shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Abin da ya cece su shi ne kiɗan jaz. Avedis ya riƙa zama da makaɗa irin su Gene Krupa yana jin abin da suke so, ya rage wa faifan kauri, ya fitar da iri daban-daban don gangunan zamani. A 1964, bayan Ringo Starr, makaɗin gangunan ƙungiyar mawaƙan Beatles, ya bayyana a talabijin ɗin Amurka yana dukan faifansu, kamfanin ya ce odar da ta taru masa ta kai 90,000. A 1973 suka koma Norwell, inda suke har yanzu. Tambarin da ake bugawa a jikin faifan bai rabu da rubutun Turkancin Usmaniyya ba, da haruffan Larabci irin waɗanda mai karanta ajami zai gane, tare da bayanin cewa faifan Turkiyya ne na asali da aka ƙera a Amurka.

A Istanbul aikin gidan ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970. Biyu daga cikin waɗanda suka koyi sana'ar a maƙerar tun suna yara, Agop Tomurcuk, Ba'armene, da Mehmet Tamdeger, Baturke, suka haɗa hannu suka ci gaba da ƙira da guduma a ƙarƙashin sunan birnin.

A Amurka kuwa, Avedis na uku ya saɓa wa al'ada ya koya wa 'ya'yansa biyu, Armand da Robert. Da ya rasu a 1979 rigimar gado ta tashi har ta kai kotu. Armand ya riƙe kamfanin da sunan, kuma a 1999 'yarsa Craigie ta zama mace ta farko da ta shugabance shi. Robert ya tashi da masana'antar gidan da ke Meductic a lardin New Brunswick na Kanada, bisa sharaɗin ba zai buga sunan Zildjian a jikin kayansa ba, alhali shi ne sunan da ke kan takardar haihuwarsa. A 1981 ya kafa nasa kamfanin. Aka ɗauki haruffa biyun farko na sunayen 'ya'yansa uku, Sally da Billy da Andy, aka jera su, suka ba da Sabian, wanda shi ma ya ƙare da "ian" na Armeniyawa. Kamfanonin biyu na cikin manyan masu ƙera faifan tagulla a duniya yau, kuma jikokin Avedis ɗaya ne ke riƙe da su.