Izinin fara aikin gini

Izinin fara aiki umarni ne a rubuce da ake bai wa ɗan kwangila domin ya shiga fili ya soma gini. A takardun hukuma a Nijar, da Faransanci ake kiransa "ordre de service". Wanda ke da ikon bayar da shi shi ne mai aikin, wato wanda ya ba da kwangilar kuma zai biya kuɗinta: ma'aikatar gwamnati, ko ofishin magajin gari, ko wata ƙungiya, ko ɗan kasuwa mai gina shago. Sau da yawa injiniyan da aka ɗauka ya sa ido kan aikin shi ke rubuta takardar ya miƙa ta, amma da yawun mai aikin yake magana.

Sa hannu kan kwantaragi bai isa a fara haƙa tushe ba. Galibi sai ɗan kwangila ya ajiye takardar lamuni daga banki, an kuma danƙa masa filin babu rigima a kansa. Ranar da takardar ta ambata ita ce ranar da ake fara ƙirga wa'adin aiki, kuma daga gare ta ake lissafin tarar jinkiri. Wannan yana da nauyi a Maraɗi, inda damina ke sauka daga Yuni zuwa Satumba. Aikin wata shida da aka ba da izininsa a watan Mayu, ruwa zai cinye masa kwanaki da yawa, kuma ɗan kwangilar da ya fara da umarnin baki ba shi da hujjar neman ƙarin lokaci. A manyan ayyuka masu bin tsarin kwantaragi na 1999 na FIDIC, wato ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, injiniya kan sanar da ranar farawa aƙalla kwana 7 kafin ta zo.

Mutane kan haɗa wannan izini da izinin gini, alhali daban suke. Izinin gini daga hukumar gari yake fitowa, bayan an duba takardar fili da zanen ginin, kuma mai filin ke neman sa. A ginin gida na talaka kuwa, mai gida ne kan ce wa magini "bisimilla" bayan an sauke yashi da siminti an biya kafin alƙalami, ba tare da wata takarda ba.