Ambaliyar ruwa a Akra da yadda bunƙasar birnin ke ƙara ta

Akra, babban birnin Gana tun 1877, na cikin biranen Afirka ta Yamma da ambaliya ta zame musu kamar ta gado, kusan duk damina sai an yi, musamman daga Mayu zuwa Yuli lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Garin a kwari yake, a bakin teku, ruwan da ke gangarowa daga tuddan Akwapim kuma sai ya ratsa tsakiyarsa ta kogin Odaw kafin ya faɗa tafkin Korle ya wuce teku.

Babban dalilin dai shi ne yadda garin ke faɗaɗa ba tsari. A ƙidayar 2000 yankin Akra da kewaye mutum miliyan 2.9 ne, zuwa 2021 ya haura miliyan 5.4, kuma kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Da can in an yi ruwa gonaki da fadamu da jeji su ke shanye kaso mai yawa, saura ya gangara a hankali. Yanzu duk an yanka filotai, an zuba siminti da kwalta da intalok, ga rufin kwano ko'ina, to ruwan bai da wajen nutsewa, sai ya taru lokaci guda ya nufi kwatocin da aka gina tun garin na ƙarami, su kuwa ba za su iya ɗauka ba ko da a share suke. Balle ma ba a share suke ba, yashi ya cike su, ga ledar fiya wata da robobi sun toshe bakin kwalbatoci. Ko dausayin Sakumono da na bakin kogin Densu, da ke ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan kare dausayoyi, masu gini sun ci su sosai.

Unguwannin da suka fi shan wahala su ne na ƙasa-ƙasa irin su Alajo, Adabraka, Kaneshie da shataletalen Kwame Nkrumah. Babbar kwatar da ta bi ta Nima, unguwar da Hausawa ke da yawa, ita ma cikin Odaw take zubawa.

Mafi muni a baya-bayan nan ita ce ta daren 3 ga Yunin 2015. Mutane sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen, fetur ya malalo ya bi saman ruwan, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu a ambaliyar da gobarar. Gwamnatin John Mahama ta ayyana zaman makoki na kwana 3, ba a jima ba aka shiga rusau a Old Fadama, unguwar 'yan ci-rani da ke bakin Korle, wai sun tare hanyar ruwa. Sun tare ɗin kam, amma gaskiya ruwan da ke isowa wajensu daga sabbin unguwannin sama yake fitowa, inda masu hali suka gina manyan gidaje a kan hanyar ruwa, kuma katafila ba ta cika zuwa can ba.

A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID, na yashe Odaw da gyaran magudanai da kwashe shara. Matsalar yashewa ita ce in ba a hana yashi da bola shigowa daga sama ba, damina kaɗan kogin ya sake cikewa.