Takardar koyar da 'yan nazare a Legas: ga amsoshin, a daina maimaita min

Ni ke kula da sashen nazare a wata makarantar kuɗi da ke Agege, kuma ni ake turo wa duk yarinyarmu da ta gama sakandare, da duk matar auren da ke son komawa aji. Daga Idi-Araba, daga Mile 12, daga Alaba Rago, tambayoyin ba sa canzawa, wasu har tsakar dare a WhatsApp. Na tara su wuri ɗaya. Wadda ta sake turo min ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan mayar mata.

Wai sai da takarda ake koyar da 'yan nazare? Ba wasa da waƙa ba ne kawai?

Sai da takarda. A tsarin ilimin Najeriya, NCE, wato takardar da ake samu a kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar da malami zai riƙe, ko a wane aji yake. Mai cewa wasa da waƙa ne ta zo ta riƙe yara ashirin da biyar 'yan shekara uku daga ƙarfe takwas zuwa azahar, sannan mu yi magana.

To wace takardar?

NCE a fannin kula da ƙananan yara da iliminsu, wanda ake taƙaitawa da ECCE. Shekara uku ce. Ko digirin ilimi a wannan fanni, shekara huɗu, amma mai NCE tana shiga daga aji biyu. In kina da digiri ko HND a wani fanni daban, PGDE za ki yi, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kusan shekara ɗaya. Bayan kowanne sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Shi ke nan.

Amma makarantar da nake aiki ba su taɓa tambayata takarda ba.

Shi ya sa suke biyanki abin da suke biyanki. Mai makaranta ya san ba ki da inda za ki, ya san ba za ki iya neman aikin gwamnati ba, ya san manyan makarantun Ikeja da Lekki ba za su ko buɗe takardar neman aikinki ba. Ranar da masu duba makarantu suka zo daga Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar take, ke za a ce ki ɗan zagaya baya. 'Yar'uwa, wannan ba gata ba ne.

Ba ni da kiredit a lissafi.

Ki sake zama. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zama daga waje. Ki nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi, don kada wata makaranta ta dawo da ke daga baya. Kuma kada ki bai wa kowa kuɗi ya zauna miki. Yaran mutane za ki koya wa ƙidaya.

Na yi sauka, na yi shekaru ina koyarwa a Islamiyya. Bai isa ba?

Allah ya ƙara albarka, kuma kada ki raina abin da kike da shi. Malamar da ta saba zaunar da yara ƙanana a kan tabarma ta biya musu harafi-harafi ta riga ta san haƙurin da wasu masu digiri ba su da shi, kuma irinku ne nake fara ɗauka in na samu. Sai dai TRCN ba ta yin rajista da shekarun Islamiyya. In ta makarantar Arabiyya kika fito kina da sakamakon NBAIS, hukumar jarrabawar makarantun Arabiyya da Islamiyya, JAMB na karɓarsa. Ki sayi fom.

A ina ake karatun a nan Legas?

Kwalejin Adeniran Ogunsanya da ke Otto-Ijanikin da kwalejin Michael Otedola da ke Epe an haɗe su a 2022, sun zama Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas, LASUED. Jami'a ce yanzu, don haka wadda yayarta ta ba ta tsohon labarin "NCE a Ijanikin" ta fara bincikawa kafin ta hau mota. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka, ga Jami'ar Legas kusa da ita, ga Jami'ar Jihar Legas, LASU, a Ojo, wadda 'yan Alaba Rago ke gani a ƙofar gida. Akwai jami'ar NOUN mai karatu daga nesa, akwai NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, mai hedikwata a Kaduna da cibiyoyi a jihohi. Akwai kwalejoji masu zaman kansu.

Kafin ki biya ko sisi: ki buɗe jerin kwasa-kwasan JAMB ki ga sunan makarantar da sunan kwas ɗin da idonki. In kwaleji ce, ki duba ko tana jerin NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi. In jami'a ce, NUC, hukumar kula da jami'o'i. Kuɗin makaranta kuma yana canzawa kowace shekara, a shafinsu za ki duba, ba a wurina ba.

Anti, ina aiki a wata nazare, ina da miji da yara, albashin bai taka kara ya karya ba. An kawo min kwas ɗin Montessori na wata shida, duk Asabar, an ce da shi zan samu babbar makaranta. In yi shi, ko in shiga NCE?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa a layi ɗaya, kuma duk wanda ya amsa miki ita a layi ɗaya, ko dai kwas yake sayarwa ko bai san halin da kike ciki ba.

Mu fara da Montessori ɗin. Tsari ne na gaske. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a wata unguwar talakawa a Rum a 1907, kuma abin da ta gina a kai shi ne yaro ya koya da hannunsa, malama ta lura fiye da ta yi surutu. Matsalar ita ce sunan ba mallakin kowa ba ne. Duk wanda ya ga dama yana iya rubuta shi a allon makarantarsa ko a takardar da ya buga. Akwai cibiyoyi a garin nan da ke horarwa tsakani da Allah, da kayan aiki, da sa'o'in lura da aji, da jarrabawar da ake faɗuwa. Akwai kuma masu hayar ɗaki a saman shago su karanta miki takardu wata shida su miƙa miki satifiket mai tambarin zinare. An sha kawo min irinsa wajen intabiyu: takarda mai kauri, an yi mata leda, suna da manyan baƙaƙe. Sai in miƙa wa mai ita tire da murafan kwalba kala uku in ce ta nuna min yadda za ta gabatar da su ga ɗan shekara uku, sai ta tsaya tana kallona. Ba laifinta ba ne, ba a taɓa sa ta gaban yaro ba.

Ko na gasken ne ma, shi kaɗai ba ya ba ki rajistar TRCN, ba ya ba ki aikin gwamnati. Ƙari ne a kan takarda, kamar man shanu a kan miya: yana gyara ta, amma ba a cin tuwo da shi kaɗai.

To amma kuma ba zan ce miki kada ki yi ba. Gaskiya ne wasu makarantun kuɗi masu biya da kyau suna neman horon Montessori, wasu ma sun fi damuwa da shi da yadda kike Turanci fiye da komai. In kin riga kina da NCE ko digiri, kuma cibiyar ta gaske ce, ki yi, zai iya ɗaga ki. In ba ki da komai sai sakandare, nan ne nake ja da baya. Mai yiwuwa ya sama miki aikin mataimakiyar malama da ɗan ƙari a albashi, mai yiwuwa kuma bayan shekara biyar kina nan a mataimakiya, yarinyar da ta zo bayanki da NCE ta zama shugabarki.

Shin ki bar aikin ki shiga NCE gaba ɗaya? A mafi yawan lokuta ina cewa a'a, musamman in albashin nan ne ke cika cefane. Ki nemi karatun ƙarshen mako, ko na lokacin hutu, ko na nesa. Ya fi daɗewa, a shirya wa shekara huɗu ko fiye, kuma sai kin tabbatar cibiyar da ke kusa da ke tana da fannin ƙananan yara, don ba kowace ke da shi ba. In babu, fannin ilimin firamare ya fi zama haka nan, takardar malanta ce cikakkiya, daga baya sai ki ƙara horon nazare a kai.

Ki lissafa hanya kafin ki lissafa kuɗin makaranta. Mace daga Agege da ta zaɓi Ijanikin ko Epe saboda an ce ya fi araha, kuɗin danfo da cunkoso za su cinye arahar, kuma zangon farko ba zai ƙare ba ta gaji. Ki lissafa TP, wato watannin da za a tura ki koyarwar gwaji malamanku na zuwa duba ki: ki tambaya tun ranar farko ko za su yarda ki yi a makarantar da kike aiki. Wasu na yarda in makarantar tana da amincewar gwamnati, wasu ba sa yarda, kuma a nan ne mata da yawa ke rasa aiki ko su ajiye karatu. Ki zauna da maigida a yi maganar tun kafin a sayi fom, wa zai riƙe yara ranar Asabar, me za a yi lokacin jarrabawa, me za a yi in ciki ya zo. Ba na son abin da na sha gani, a biya shekara biyu sannan a ce "ai ban san haka abin yake ba."

In kuɗin hannunki na abu ɗaya ne kawai, ni dai NCE zan ce. In shekarunki sun ja, ba ki da burin aikin gwamnati, kuma akwai takamaimiyar makarantar da ta ce miki da bakinta za ta ɗauke ki da wannan horon, to wataƙila Montessori ɗin ya fi miki. Amma ki je cibiyar ranar da ake darasi, ki ga kayan aikin a kan kanta, ki tambaya awa nawa ake yi da yara na gaske, ki nemi wadda ta gama bara ki ji inda take aiki yanzu.

Na ga tallar CDA a intanet, an ce takardar ƙasa da ƙasa ce.

Takardar shaidar kula da ƙananan yara ce ta Amurka. Wata hukuma a Washington ke bayar da ita, sai an yi awa 120 na horo da awa 480 na aiki da yara, sannan a duba mutum a cikin aji. Takarda ce mai daraja a can. A nan ba ta maye gurbin NCE. In ba Amurka za ki ba, ki riƙe kuɗinki.

Mece ce TRCN ɗin, kuma jarrabawar na da wuya?

Hukumar rajistar malamai ce, dokar da ta kafa ta tun 1993 take. Jarrabawar a kwamfuta ake yi, kuma an kasa malamai rukuni huɗu: mai NCE tana rukunin D, mai digiri C. In kin ci sai satifiket da lasisi, lasisin kuma ana sabunta shi. Ba ta da wuya ga wadda ta yi karatunta da kanta. Abin da ke kayar da matanmu shi ne ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Ki shiga kafe ki saba tun da wuri.

Me ake koya wa mutum shekara uku a kan yaran da ba su iya magana ba?

Wannan tambayar tana ɓata min rai, don amsarta na gani kullum a ajujuwan unguwanninmu. Yaro ɗan shekara uku ya dunƙule fensir a tafin hannu, an ce ya rubuta 1 zuwa 100, yana kuka, majina har leɓe, malama na tsaye a kansa da rula. Yatsunsa ba su ƙosa ba. Wadda ta yi karatun ta san kafin fensir akwai murza laka, da zura zare a manyan duwatsun ado, da zana harafi da yatsa a cikin yashi. Ta san yadda ake gane yaron da ba ya ji sosai daga wanda ake kira mai taurin kai. Ta san abin yi in yaro ya shaƙe da abinci, ta san alamun yaron da ake cutarwa a gida da wanda za ta gaya wa. Gwamnatin Legas ta hana duka a makarantu, kuma jihar na da dokar kare haƙƙin yara tun 2007. Iyaye ma ku ji: ku daina auna makaranta da yawan aikin gida da ake loda wa ɗan nazare.

Ba na jin Yarbanci. Zai hana ni?

Ba zai hana ki takarda ba. Amma ki koya, a Legas kike, kuma tun 2018 doka ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar. Hausarki kuwa jari ce. Yaron da ya taso a Zangon Agege bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba, ranar farko yana neman wadda zai ce wa "zan yi fitsari" ta gane.

Namiji na iya yi?

Yana iyawa, kuma muna buƙatarsu.

Mai NCE na zuwa bautar ƙasa?

A'a.

Da takardar zan iya buɗe tawa makarantar?

Takardarki daban, amincewar gwamnati daban. Ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jihar ne ke duba gini, da banɗaki, da filin wasa, da takardun malamai. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce mai reno ɗaya ga jarirai goma, malama ɗaya ga 'yan nazare ashirin da biyar. Kada ki cusa yara hamsin a shago mai taga ɗaya ki kira shi makaranta. Ki yi aiki ƙarƙashin wata tukuna, ko shekara biyu ce.

Hajiya, ba za ki sama min aiki a wurinku ba kafin nan?

Ki zo da sakamakon sakandarenki da shaidar kin sayi fom. In akwai gurbin mataimakiya, za ki yi sati ɗaya a aji ina kallo, sannan mu yi maganar albashi.