Tambayar layi da matsayi a konkur (jarrabawar gasa): bayanin ya isa ko bai isa ba?

Salamu alaikum ƙannena. Tambayoyin nan su ake ta maimaita mini, a kur ɗin yamma, a WhatsApp, wani ma sai ya tare ni a hanya daga Zango zuwa Birni da kaye a hannu. To ga su nan na haɗa wuri guda, duk wanda ya sake tambaya wannan zan turo mishi.

Mushe, wai wace irin tambaya ce wannan?

Ana ba ka tambaya ɗaya, sai a biyo ta da bayani biyu, I da II. Aikinka ka faɗi wane bayani ne ya isa a samu amsa guda ɗaya tak. Ba wanda ya ce ka rubuta amsar kanta. Shi ke nan.

A wace jarrabawa ake kawo ta?

GMAT ta Amurka ce ta yi suna da ita, wadda masu neman mastar harkar kasuwanci ke yi. Tun da aka sabunta jarrabawar a ƙarshen 2023 aka mayar da irin waɗannan tambayoyin cikin wani sashe mai tambaya 20 a minti 45. Jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki a Indiya, ta IBPS, ita ma tana kawo ta sosai, kuma can ne aka fi haɗa ta da layi da matsayi, shi ya sa yawancin misalan da kuke kwasowa a intanet sunayen Indiyawa ne a ciki. Kai dai in za ka zauna gwajin ƙwaƙwalwa na neman aiki ko na neman burs, ka iya ta kafin ranar.

Zaɓin amsar guda nawa ne?

Biyar. I kaɗai ya isa. II kaɗai ya isa. Sai an haɗa biyun. Kowanne shi kaɗai ya isa. Ko an haɗa su ba su isa ba.

Amma dan Allah ku dinga karanta umarnin da ke saman takarda. A GMAT harafin C yana nufin sai an haɗa biyun, E kuma ko an haɗa bai isa ba, a takardun Indiya da yawa kuwa jerin ya sha bamban, na ukun shi ne kowanne ya isa, na biyar shi ne sai an haɗa. Yaro ya yi tunani daidai ya zo ya zagaye harafin da ya haddace daga wata takarda, ya faɗi a banza, wallahi wannan abin yana ci mini rai.

Mene ne lissafin da ya kamata in haddace?

Matsayi daga gaba, a tara da matsayi daga baya, a cire 1, ya ba ka yawan mutanen layi. Lawali na 7 daga gaba, na 12 daga baya, mutum 18 ke nan.

Me ya sa ake cire 1?

Don ka ƙirga Lawali sau biyu mana.

In na ga amsa da bayanin I, sai in wuce?

A'a! Wa ya koya muku haka? Ka duba I shi kaɗai, ka rubuta ya isa ko bai isa ba a buruyon, wato takardar da kake gwada lissafi a kai. Sannan ka rufe shi da hannunka, ka manta da shi kwata-kwata, ka duba II shi kaɗai. Sai in duka biyun sun gaza sannan kake da izinin haɗa su. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya karanta a I cewa ƴan kilas 40 ne, ya shigo II da 40 ɗin nan a kansa alhali II bai faɗa ba, sai ya ce II ya isa. Bai isa ba, aro ka yi masa.

To in amsar ta fito "a'a" fa, bayanin bai isa ba ke nan?

Ya isa. An tambaye ka shin Rabi tana cikin goman farko a kilas mai mutum 40, bayanin ya ce ita ce ta 8 daga ƙasa, ta 33 ke nan daga sama. Amsa a'a ce tabbatacciya, ba ta da wata fuska, saboda haka bayanin ya isa. Wanda bai isa ba shi ne wanda zai bar ka da "ta yiwu e, ta yiwu a'a".

Mushe, an ba ni matsayin mutum biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga baya, da yawan waɗanda ke tsakaninsu. Ai wannan ya isa a san yawan layin ko?

To nan ku natsu, don wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ita ce wani lokaci ya isa wani lokaci bai isa ba, ya danganta da lambobin da aka ba ka.

Mu ɗauki layin jarkoki a bakin famfo, abin da ɗan Damagaram ba sai an kwatanta masa ba. Jarkar Lawali ita ce ta 12 daga gaba, ta Rabi ta 9 daga baya, tsakaninsu jarka 4. Jarka nawa ne a layin? Kowa hannunsa na rawa zai ce 12 da 9 da 4, 25. Haka ne, in Lawali yana gaban Rabi. Amma wa ya ce maka yana gabanta? Ba a faɗa ba, kai ne ka zana haka a kanka don "daga gaba" aka fara ambata. Yanzu ka juya su, ka sa Rabi a gaba. Lawali yana nan a 12, jarka 4 tsakani su ne na 11, 10, 9, 8, Rabi ta zama ta 7 daga gaba. Ita kuma an ce ta 9 ce daga baya, 7 da 9 a cire 1, 15. Layin jarka 15 ya cika duk sharuɗɗan da aka bayar, layin 25 ma ya cika su. Amsa biyu ke nan, bayanin bai isa ba. Wanda ke son gajeriyar hanya: in sun haure juna, ka tara matsayin biyu, ka cire na tsakani, ka ƙara cire 2. 12 da 9 21, a cire 4, a cire 2, 15.

Amma kuma kar ku tafi da cewa duk irin wannan tambayar amsarta "bai isa ba", don na san halinku, ana nuna muku tarko ɗaya sai ku riƙa ganinsa ko'ina. Akwai inda haurewar ba za ta yiwu ba sam. Lawali na 12 daga gaba, Rabi ta 4 daga baya, mutum 5 tsakani. In Rabi na gaban Lawali, to a bayanta dole a samu mutum 5 ɗin nan da Lawali kansa, mutum 6, alhali wadda take ta 4 daga baya mutum 3 ne kawai a bayanta. Ba wuri. Saboda haka fuska ɗaya ta rage, 12 da 4 da 5, 21, bayanin ya isa. Abin da nake yi ni, ina duba ƙaramin matsayin, in cire masa 2, in na tsakani bai wuce abin da ya rage ba to haurewa na yiwuwa, sai in yi lissafi biyu. A misalin farko 9 a cire 2 saura 7, 4 bai wuce 7 ba, akwai fuska biyu. A na biyu 4 a cire 2 saura 2, 5 ya wuce, fuska ɗaya ce.

Sai kuma abin da bayanin II zai zo da shi, nan ma a yi hankali. Mu koma kan 25 da 15, a ce bayanin jarkokin nan shi ne I. In II ya ce jarkokin sun fi 20, haɗuwar biyun ta isa. In ya ce Rabi tana bayan Lawali, ta isa. In kuwa ya ce yawan jarkokin ba ya rabuwa biyu daidai, to bai kashe komai ba, 25 da 15 duk mara ne, amsar ita ce ko an haɗa bai isa ba. In ya ce yawan yana rabuwa da 5, shi ma haka. Masu shirya takarda da gangan suke zaɓen irin wannan bayanin, yana kama da taimako amma duka amsoshin biyu sun dace da shi.

Duk wannan da na faɗa kuma yana tsaye ne a kan cewa layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kowa da gurbinsa. In aka ce zagaye suka zauna, ko sahu biyu suna fuskantar juna, lissafin ya canza, ku zana kawai. Kuma in kalmomin tambayar sun fito fili sun ce wane yana gaban wane, to an rufe ƙofar haurewa tun daga farko, kar ka ɓata lokaci kana nemanta. Ban ce ƙa'idar cire 2 ɗin nan za ta fitar da kai a kowace takarda ba, in ka yi shakka ka ja layi a buruyon ka ɗiga ɗigo, ya fi aminci.

A lakkwal muna da eks, mutum biyu su yi na 3 tare. Ya ake yi da su?

Tambaya mai kyau, kuma mu da muka taso da buletin ɗin faransanci dole ta zo mana a rai. In akwai eks lissafin cire 1 ya lalace. Amma a waɗannan tambayoyin ana ɗauka kowa da matsayinsa shi kaɗai, sai in takardar ta faɗi akasin haka. Kar ka shigo da abin da ba a rubuta ba.

In suka yi musanyar wuri fa?

Gurbi ba ya motsi, mutane ne suka motsa. Rabi ta 10 daga dama, Lawali ya koma gurbinta ya zama na 15 daga hagu, gurbin nan ke nan na 15 daga hagu na 10 daga dama, mutum 24.

Hagu da dama suna rikita ni.

In suna fuskantar arewa, hagunsu hagunka ne a takarda. In kudu suke kallo, ka juya. Ka rubuta H da D a bakin layin kafin ka fara.

Na tsawo da nauyi da shekaru fa, wanda babu lamba?

Ka jera su da alama, kuma ka amsa abin da aka tambaya kaɗai. Mutum biyar. I ya ce Musa ya fi Sani da Isa tsawo. II ya ce Rabi ta fi Hadiza amma ba ta kai Isa ba. Wa ya fi kowa tsawo? I bai ambaci matan ba, II bai ambaci Musa da Sani ba, in an haɗa Musa ne a sama, ya isa. Da tambayar ta ce wane ne na biyu, ko wa ya fi gajarta, wannan bayanin dai bai isa ba, don ba mu san inda Sani ya tsaya ba. Wasunku sai su ƙi yarda ya isa wai don ba su iya jera duka biyar ɗin ba. Wa ya tambaye ka jerin duka?

Mushe ni ban iya lissafi ba, seri A na yi, ɓangaren adabi, anya zan iya?

Ƙanwata kwantar da hankalinki. Tarawa ce da cirewa, lissafin ƴan firamare, ba wani ekwasiyon a ciki. Abin da ake gwadawa shi ne haƙurin mutum ya tambayi kansa ko akwai wata fuskar kafin ya zagaye amsa, kuma masu karatu a natse sukan fi masu saurin lissafi cin wannan. Ki dinga yin guda biyar kullum da zane, bayan sati biyu ki zo mu duba tare in sha Allah.

Minti nawa zan ba tambaya ɗaya?

Kamar biyu. In ta wuce haka ka cire zaɓin da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓa cikin sauran, ka wuce ta gaba.