Mece ce Ahimsa?

Tun 2007, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Mahatma Gandhi, don tunawa da ƙin tashin hankali. A jawaban ranar akan ji kalmar ahimsa, daga harshen Sanskirit na Indiya. Ma'anarta ƙin cutar da duk wani mai rai.

Mabiya addinin Jain sun kasa cuta gida uku: ta hannu, ta baki, ta zuci. Wasu sufayensu kan ɗaura ƙyalle a baki, su share wurin zama da tsintsiya mai laushi, gudun kada su murƙushe ƙwaro. A wurinsu, wanda ya ci mutuncin maƙwabcinsa, ko ya kwana yana yi masa fatan tsiya, ya karya ƙa'ida ko da bai ɗaga ɗan yatsa ba.

Ta baki ita mutane suka fi rainawa, kuma ni ita ta fi ba ni tsoro. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai kafin a zaro adduna a 1994.

Gandhi ne ya fito da ahimsa fagen siyasa. A Fabrairun 1922, ana tsaka da gwagwarmayar ƙin ba Turawan Ingila haɗin kai, 'yan sanda suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a garin Chauri Chaura na Indiya. Jama'a suka fusata, suka banka wa caji ofis wuta, 'yan sanda sama da 20 suka mutu. Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar a faɗin ƙasar, ya yi azumin kwana 5. Jawaharlal Nehru, abokin gwagwarmayarsa da ke kurkuku a lokacin, abin bai yi masa daɗi ba.

Masu cewa wannan ragwanci ne su dubi Abdul Ghaffar Khan, Musulmi daga ƙabilar Fashtun, mutanen da aka sani da ɗaukar fansa. Ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, yana kafa hujja da haƙurin Manzon Allah (SAW) a Makka, mabiyansa kuma suka yi rantsuwar yafe wa wanda ya zalunce su. Ranar 23 ga Afrilun 1930 sojojin mulkin mallakar Ingila suka yi ta harbin jama'a a kasuwar Qissa Khwani ta birnin Peshawar (Pakistan ta yau), su kuwa suna tsaye ba ko sanda a hannu. Wasu sojojin rundunar Garhwal da aka umarta su yi harbi sai suka ƙi.