Ɗa'ar ma'aikata da ragon ɗan kwangila

Duk mai sauraron labaran rediyo ya saba jin ana cewa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta gayyaci wane, ko an gurfanar da wane gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Shi kuwa Bahaushe da ya ji an ce ɗa'a, abin da ke faɗo masa a rai shi ne yaron da ke tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida manya, ko amaryar da ba ta ɗaga ido a gaban surukai. Shi ya sa a farkon 2019, da aka ce za a kai Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen, gaban wannan kotu, wani dattijo a majalisarmu ya sauke rediyonsa daga kunne ya tambaya tsakaninsa da Allah: "To shi kuma wa ya zaga?"

Bai zagi kowa ba. Zarginsa aka yi da ƙin bayyana wasu asusun ajiyarsa na banki a takardar kadarori. Tambayar dattijon dai tana kan hanya, domin kalma ɗaya ce muka ɗora wa kaya biyu.

Asalin ɗa'a daga Larabci muka aro ta, kuma ma'anarta ta farko biyayya ce, kamar yadda malamai ke cewa ɗa'a ga Allah da Manzonsa. Da ta zauna a bakin Hausawa sai ta haɗe da ladabi da kunya da iya zama da mutane. A harshen gwamnati kuwa ta koma kusa da tushenta: biyayya, amma ga ƙa'idar da aka shimfiɗa wa mai riƙe da amanar jama'a. Abin tambaya a ofis shi ne, wa ake yi wa biyayyar? Akawun da ke rawar jiki yana "ranka ya daɗe", da oga ya ce a sauya kwanan wata a takardar kwangila ya sauya ba musu, kowa zai ce yaro ne mai ɗa'a. A idon doka shi ne ya karya ta. Wanda ya ce "Yallaɓai, wannan ba zan iya sa hannu ba", shi ake kira mai taurin kai, a tura shi wani lungu inda ko fanka babu.

Ƙa'idojin ba a ɓoye suke ba. Suna cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, kuma sun hau kan kowa, daga shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa da alƙalai har sojoji da 'yan sanda da malaman jami'a da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Tun a kundin 1979 aka fara rubuta su, 'yan shekaru bayan Janar Murtala Muhammad ya yi wa aikin gwamnati tankaɗe da rairaya a 1975, ya sallami ma'aikata fiye da dubu goma. Sai a 1989, zamanin Babangida, aka yi dokar da ta tsayar da hukumar da kotunta da ƙafafunsu.

Wasu daga cikin ƙa'idojin ba sa buƙatar dogon sharhi. Ba a cin albashi biyu daga muƙaman gwamnati biyu. Shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa ba su da izinin riƙe asusun banki a ƙasar waje. Ma'aikacin da ke aiki na cikakken lokaci ba zai gudanar da kasuwancin kansa ba, in ban da noma. Wannan ta ƙarshen kan ba mutane dariya, don a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, da wuya ka sami ma'aikacin da ba shi da shagon tireda da sunan matarsa, ko Keke Napep a hannun ƙaninsa. Ni dai ban ga laifin masinjan da ke sayar da katin waya don ya kai ƙarshen wata ba. Wanda ƙa'idar ta fi nufa shi ne daraktan da ya yi rajistar kamfani da sunan ɗansa, ya dawo ofis ya ba kamfanin kwangila.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kyauta.

Jajibirin Babbar Sallah ne, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan wani babban ma'aikaci a layinmu. Aka sauke rago mai ƙaho murɗaɗɗe, da buhun shinkafa biyu, da jarkar mai. Direba ya ce, "Alhaji ya ce a gaida yara." Ba wasiƙa, ba sharaɗi, ba wanda ya ambaci fayil. Amma kowa a layin ya san Alhajin ɗan kwangila ne, kuma takardar biyan kuɗinsa tana kan teburin maigidan. Yanzu me zai yi? In ya mayar, ya yi rashin ɗa'a irin ta gida, don ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma kafin la'asar labari ya zaga gari cewa wane ya fara girman kai. In ya karɓa, ya karya ɗa'a irin ta doka. Ragon dai an ɗaure shi a gindin darbejiya, washegari aka yanka, mu ma mun ci soye.

Kundin bai yi rufa-rufa a nan ba. Ya hana ma'aikaci nema ko karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi. Ya kuma ce duk kyautar da ta fito daga kamfani ko daga mai kwangila da gwamnati, za a ɗauka ta haram ce har sai an tabbatar da akasin haka, wato nauyin wanke kai yana wuyan wanda ya karɓa. Abin da aka bari shi ne kyautar 'yan'uwa da abokai na ƙashin kai, gwargwadon yadda al'ada ta yarda, a lokutan da al'ada ta sani, kamar biki ko suna. Wanda aka ba ka a taron hukuma kuwa, doki ne ko babbar riga, na ma'aikatarka ne. Ta ƙofar abota ɗin nan ake yawan sulalewa, don babu ɗan kwangilar da ba ya zama aminin darakta cikin mako guda, kuma abotar kan mutu ranar da aka yi wa daraktan canjin wurin aiki.

Masu cewa wannan tsari ne na Turawa da bai san al'adarmu ba, su tuna da hadisin Ibn al-Lutbiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Annabi (SAW) ya aike shi karɓar zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan ubansa ko uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa abin da ake kira gaisuwa cikin miyagun al'adun sarakunan Hausa na zamaninsa. Sunaye kawai muke sauya mata: na goro, kuɗin mai, ihsani, a ga yara. Idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya, kuma mai kawo ragon ya fi kowa sanin haka.

Akwai kuma matsin da ba ya zuwa da rago. Ƙa'ida ta farko a jadawalin ta ce kada ma'aikaci ya jefa kansa inda muradinsa zai yi karo da aikinsa. Sai ga kawu ya taso tun daga ƙauye da takardun ɗansa a leda, ya zauna a zaure: "Kai ne namu a can, in ba ka sa shi ba wa zai sa shi?" Wanda ya ce a bi layi, sunansa ya zama mugu, wanda ba a cin arzikinsa. Wanda ya kwashi na gwamnati ya raba buhunan gero da azumi, shi ne mutumin kirki, shi ake kira ya buɗe masallaci. A ganina rabin matsalar tana nan, a zaure, ba ta kai ga ofis ba tukuna.

Gwamnatoci sun yi ta gwada wa'azi. Shagari ya yi kiran juyin ɗabi'u, Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, wanda har yau ake tuna shi da bin layi a tasha, da shara, da tsallen kwaɗo ga ma'aikatan da suka makara. A 2020 ma an ƙaddamar da wata manufa ta ƙasa kan ɗa'a da gaskiya. Layi ya miƙe na ɗan lokaci, amma bulala ba ta leƙa cikin fayil.

Makamin da aka tanadar wa fayil shi ne bayyana kadarori. Ma'aikaci zai rubuta abin da ya mallaka da bashin da ke kansa, har da na 'ya'yansa ƙanana da ba su yi aure ba, lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar barin muƙami. Duk dukiyar da ta ƙaru wadda albashi ko halattacciyar hanya ba za su iya bayaninta ba, ana ɗaukarta a matsayin ta saɓa ƙa'ida. Kotun tana da ikon tsige mutum daga kujera, ta hana shi riƙe muƙami har shekara goma, ta ƙwace dukiyar, kuma afuwar shugaban ƙasa ba ta shafi hukuncinta.

A takarda ke nan. A aikace, manyan shari'o'in da aka gani sun bar mutane da zargin siyasa. An fara shari'ar Bukola Saraki a 2015 yana shugaban Majalisar Dattawa, Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2018. Onnoghen kuwa an dakatar da shi ana saura makonni a yi zaɓen 2019, aka same shi da laifi a watan Afrilu, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2024. Su kansu takardun kadarorin, kundin ya ce kowane ɗan ƙasa na iya duba su bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya, kuma da wannan jimla hukumar ta sha korar 'yan jarida da ƙungiyoyin da suka nemi gani, tana cewa majalisa ba ta gindaya ba tukuna. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa bai jira majalisa ba. A 2007, 'yan makonni da hawansa mulki, ya sa aka raba wa manema labarai kwafin tasa takardar, mai ɗauke da dukiya ta sama da naira miliyan 850, kowa ya karanta a jarida. Ta maƙwabcinmu mai rago tana can cikin kabad a kulle.