Jinyar yaro bayan aikin zuciya

Jinyar yaro bayan aikin zuciya ita ce daga sa'ar da aka turo shi daga ɗakin tiyata har ƙashin ƙirjinsa ya haɗe ya koma wasa da tsaransa, kusan sati 6 zuwa 8 ke nan in ba a samu wata tangarɗa ba. Hausawan Sudan amaliyya suke ce wa aikin, asibiti mustashfa, mai zaman jinya kuma murafiƙ, galibi dai uwa ce ko kaka.

Yaran da ake yi wa aikin iri biyu ne. Akwai wanda aka haifa da ciwon, kamar huda a bangon da ya raba zuciya ko irin wanda leɓe da farce ke yin shuɗi in yaro ya yi kuka, kusan jariri 1 cikin 100 da wata matsalar zuciya ake haifarsa. Sai kuma wanda ya yi yawa a Sudan, ciwon maƙogwaro da aka raina ba a yi maganinsa ba ya koma zazzaɓin gaɓoɓi ya cinye ƙofofin zuciya, ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15. Saboda irinsu ne ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam a Soba kudu da Khartum a 2007, aiki kyauta, har da masauki na waɗanda suka zo daga nesa irin su Mai Wurno da Gadarif da Kasala.

Matakin farko ɗakin kulawa ta musamman ne, inaya murakkaza. Nan ne uwa ke ruɗewa don za ta tarar da ɗanta kwance bai san inda yake ba, fuska a kumbure, roba a baki na'ura na yi masa numfashi, wasu robobin sun fito ta ƙasan ƙirji suna zubar da jini da ruwa cikin kwalba, ga wasu siraran wayoyi da aka bari ko da bugun zuciya zai rikice, ga allo yana ta ƙara ko motsi kaɗan ya yi. Duk wannan dama haka ake yi. In aikin mai sauƙi ne cikin awoyi ko kwana ɗaya a cire robar baki, bayan kwana biyu ko uku a mai da shi ɗakin marasa lafiya, sati ɗaya zuwa kwana 10 a sallame shi. Jarirai da masu aiki mai sarƙaƙiya sukan fi haka daɗewa. A ɗaki abin da ma'aikata ke nacewa a kai shi ne ya tashi ya taka, ya yi tari ko da yana jin zafi, a ba shi filo ya rungume a ƙirji, ƙanana kuma a sa su hura balan-balan don huhu ya buɗe. Cin abinci yakan dawo a hankali, nono tukuna ko kunu ko madida, wato kunun Sudan.

Toh a gida ne aikin yake. Ƙashin tsakiyar ƙirji tsaga shi aka yi aka ɗaure da waya, shi ya sa ba a ɗaga yaro ta hammata ko a ja shi da hannu har sati 6, sai dai a sa hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu ɗaya a baya a tallabo shi, abin da sauƙin faɗa amma duk wanda ya shigo dubiya hannunsa hammatar yaro yake nufa, an saba. Goyo ma haka, zani na matse ƙirjinsa da bayan uwa, a tambayi diktor, wato likita, kafin a koma. Ita kanta dubiyar a rage, mai mura ya yi sannu daga bakin ƙofa, turaren wuta kuma a fitar da kaskon waje. Ɗinki a wanke shi da sabulu da ruwa a tsane, kar a shafa man shanu ko wani garin magani.

Zazzaɓi da ya kai digiri 38 ba a cewa maleriya ce a wuce kemis, asibiti ake komawa, ana iya samun ƙwayar cuta a ɗinki ko cikin zuciyar, haka in ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko numfashi sama-sama, ko jariri na gumi yana kasa tsotso, ko kumburin ƙafa da ido. Ruwa ma yakan taru a jakar zuciya makonni bayan sallama, shi ya sa ake sake hoton zuciya da ake kira eko.

Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, da dare in gida ya yi tsit ana jin ƙirjinsa yana tik tik kamar agogon hannu, wannan lafiya ce. Amma warfarin, maganin hana jini daskarewa, zai sha har abada da gwajin jini na INR mai auna aikin maganin a kai a kai, kuma miyar ganye irin mulukiya, wato lalo, da zogale na rage ƙarfin maganin, ba wai an hana ba ne, kar dai a ci tuli yau gobe a daina, sassaƙe da jiƙo kuwa a bar su sam. Masu zazzaɓin gaɓoɓi kuma allurar fenisilin duk sati 3 ko 4 shekara da shekaru. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 iyalai suka watse zuwa Kasala da Bur Sudan da ƙetare, wannan gwajin da allurar su suka fi wuyar samu, don haka takardar sallama mai sunan aikin da awon magani a ɗauki hotonta a waya, ita kuma a sa ta a leda a ajiye tare da takardun tafiya.